Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Hukumar SEC da Babban Bankin Najeriya: A Faɗa wa Jama'a Cewa Hannayen Jarin Bankuna Tare Suke Faɗuwa

Zuwa ga Babban Daraktan Hukumar Kula da Kasuwar Hannayen Jari ta Ƙasa (SEC), da Mai Girma Gwamnan Babban Bankin Najeriya, Abuja.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, tare da addu'ar Allah Ya dafa muku a kan amanar da aka ɗora muku, na rubuto wannan wasiƙa daga Jos a madadin wasu ƙananan masu hannun jari da muka daɗe muna zama muna tattauna al'amuranmu. A cikinmu akwai malaman makaranta da ma'aikatan gwamnati da suka yi ritaya, akwai 'yan kasuwar Taminus da Katako, akwai dillalan kayan gwari na Farin Gada, akwai kuma iyaye mata da mazajensu suka rasu suka bar musu takardun hannun jari a ƙasan akwati. Babu wanda jarinsa zai girgiza kasuwa a cikinmu, amma ɗan abin da kowa ya zuba guminsa ne na shekaru, kuma da yawanmu da ribar da ake rabawa a ƙarshen shekara muke biyan kuɗin makarantar jikoki da na magani.

Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne umarnin da Babban Banki ya bayar a ranar 28 ga Maris, 2024, cewa bankuna su ƙara ƙarfin jarinsu: naira biliyan 500 ga mai lasisin ƙasa da ƙasa, biliyan 200 ga mai aiki a faɗin ƙasa, biliyan 50 ga na shiyya, tare da wa'adin 31 ga Maris, 2026. Ba mu da ja a kan wannan mataki, domin banki mai kauri ya fi iya jure wahala. Sai dai tun daga lokacin bankuna suka fito neman kuɗi a hannun jama'a, tallace-tallace suka cika rediyo da wayoyinmu, ma'aikata a rassa suna miƙa wa duk wanda ya shigo fom, kuma mu da muka ga irin wannan yanayi tsakanin 2005 da 2007 gabanmu ya faɗi. Akwai gaskiya guda da ba mu ji ana faɗa wa mai saye da harshen da zai gane ba, ita ce hannayen jarin bankuna, a Legas ne ko Landan ko New York, suna tafiya kusan tare idan rikicin kuɗi ya ɓarke, kuma a ranar da mutum ya fi bukatar ɗaya ya tsaya masa, a ranar ce duka suke zubewa.

Kokenmu na farko ya shafi shawarar da aka fi ba ƙaramin mai saye, wato ya rarraba kuɗinsa a bankuna huɗu ko biyar don kada asara ta same shi gaba ɗaya. A lokacin zaman lafiya shawarar tana da amfani, domin wani banki zai yi riba mai yawa wani ya yi kaɗan. A lokacin rikici kuwa ba ta tsinana komai. Mu mutanen Jos mun san wannan tun gobarar babbar kasuwa ta Fabrairun 2002: wanda yake da shaguna biyar a layuka daban-daban na kasuwar, da wanda yake da shago ɗaya, duk toka suka tarar da safe.

Ranku ya daɗe, kun fi mu sanin tarihin, amma ya kamata a maimaita shi saboda matasan da ke saye yanzu ta waya ba su gan shi ba. A 2004 Gwamnan Babban Banki na lokacin, Farfesa Charles Soludo, ya ɗaga mafi ƙarancin jarin banki daga naira biliyan 2 zuwa biliyan 25, bankuna 89 suka dunƙule suka koma 25, kuma kusan kowannensu ya zo kasuwa neman kuɗi, wasu har sau biyu. Farashi ya yi ta hawa har zuwa farkon Maris na 2008, lokacin da ma'aunin da ke nuna hawa da saukar farashi a kasuwar ya haura maki 66,000, darajar hannayen da ke cikinta ta kai kimanin naira tiriliyan 12.6, kuma fiye da rabin wannan daraja ta bankuna ce. A daidai wannan lokaci wuta ta riga ta kama a waje. Basussukan gidaje sun fara ruɓewa a Amurka, an ga layin masu cire kuɗi a ƙofar bankin Northern Rock a Ingila tun Satumban 2007, sannan bankin Lehman Brothers na Amurka ya durƙushe a ranar 15 ga Satumba, 2008. Cikin makonni kaɗan manyan bankuna uku na ƙasar Iceland suka faɗi, gwamnatin Birtaniya kuma ta ceto Royal Bank of Scotland da kuɗin jama'a. A nan gida an yi ta kwantar mana da hankali cewa bankunanmu ba su sayi waɗancan takardun bashin gidaje ba, don haka abin ba zai iso mu ba. Gaskiya ne ba su saya ba, amma kafin shekarar ta ƙare darajar kasuwarmu ta sauko ƙasa da tiriliyan 7, ma'aunin ya faɗo ƙasa da 32,000, a farkon 2009 kuma ya kai wajen 20,000.

Ta ina wutar ta shigo, tunda ba mu taɓa kayan da suka ƙone ba? Ta ƙofofi da yawa, kuma duka suna nan a buɗe har gobe. Manyan masu zuba jari na waje, idan suka yi asara a gida kuma masu kuɗin suka taso su, ba sa tsayawa tantance banki mai kyau da maras kyau. Suna sayar da abin da zai sayu da wuri ne, kuma a kasuwar Legas hannayen bankuna ne suka fi saurin samun mai saye. Bankunan ƙasashen waje da ke ba namu lamunin dala don buɗe takardun shigo da kaya sukan janye hannu a lokaci guda. Farashin ɗanyen mai ya faɗo daga dala 147 a Yulin 2008 zuwa ƙasa da dala 40 a Disamba, naira ta yi rauni, waɗanda suka ci bashin banki don shigo da mai suka kasa biya. A saman duk wannan akwai tsoro, wanda a harkar banki ya fi kowace harka tasiri, domin banki da amana yake rayuwa, kuma mai hannun jari ba ya iya leƙa littattafansa ya ga wane ne ya ci bashi kuma wane ne zai biya. Idan ya ji banki ya faɗi a wata nahiya, tambayar da ke zuwa masa ita ce ko nasa ma yana ɓoye irin wannan ciwo, kuma da yake ba shi da amsa, sai ya sayar.

Abin da ya mai da faɗuwar ta zama bala'i a gare mu shi ne bashin sayen hannun jari. Wani dattijo a unguwarmu, tsohon hedimasta, ya karɓi kuɗin sallamarsa a 2007 ya raba su a bankuna huɗu kamar yadda aka ba shi shawara, sannan wani banki, wanda ba zan ambaci sunansa ba, ya ba shi rance ya ƙara sayen hannayen bankin da kansa, aka riƙe hannayen a matsayin jingina. Na raka shi ofishin dillalinsa bayan an taƙaita saukar farashi zuwa kashi 1 cikin 100 a rana a watan Agustan 2008. Takardar farashin ranar tana manne a jikin allo, lambobin ba su nuna wata mummunar faɗuwa ba, amma da ya ce a sayar masa, sai yaron ofishin ya juyo da fuskar kwamfuta ya nuna masa jerin masu son sayarwa, gefen masu saye kuma babu ko mutum ɗaya. Dattijon ya zauna riƙe da ledar takardunsa a kan cinya, yana tambaya a hankali ko cikin huɗun babu ko guda da za a iya fitar masa. Babu. Kuɗin ruwa ya ci gaba da taruwa a kan rancen, jinginar kuma tana narkewa, har sai da ya sayar da filin da ya tanada wa 'ya'yansa. Irinsa suna da yawa a Jos, kuma shi ya sa har yau akwai gidajen da idan ka ambaci hannun jari sai a canza magana.

Sauran labarin sananne ne. A ranar 14 ga Agusta, 2009, Gwamnan Babban Banki na lokacin, Malam Sanusi Lamido Sanusi, ya sauke shugabannin Afribank, Finbank, Intercontinental, Oceanic da Union Bank, aka zuba musu naira biliyan 420, daga baya adadin ya kai biliyan 620 da aka haɗa da wasu bankunan. An kafa hukumar AMCON a 2010 don sayen munanan basussuka daga hannun bankuna. A Agustan 2011 aka soke lasisin Afribank, Bank PHB da Spring Bank. An kare masu ajiya, kuma muna yaba wannan, amma masu hannun jari a waɗannan ukun sun tashi da takardu kawai.

Wannan ya kawo mu ga koke na biyu, wanda gajere ne amma yana da nauyi. Mutane da yawa ba su bambance ajiya da hannun jari, musamman da yake a zaure ɗaya ake yin su, kuma ma'aikaci ɗaya ne yake karɓar kuɗin. Da hukumar NDIC, mai ba ajiyar banki inshora, ta ɗaga inshorar ajiya daga naira 500,000 zuwa miliyan 5 a 2024, mun ji mutane a majalisa suna cewa yanzu hannayensu ma sun samu kariya. Ba haka ba ne, inshorar ta mai ajiya ce, mai hannun jari kuwa shi ne na ƙarshe a layi idan aka zo rabon abin da ya rage, kuma sau da yawa babu abin da ke ragewa. Barin mutum ya sa hannu a fom da wannan ruɗani a kansa zalunci ne, ko da kuwa babu wanda ya yi masa ƙarya da baki.

Wani zai ce 2008 ta wuce, an gyara dokoki, bankuna sun yi ƙarfi. Mun yarda an yi gyara mai yawa. Amma abin da ya faru bayan nan ya nuna cewa ɗabi'ar tafiya tare ba ta canza ba, sauri ma ta ƙara. A Maris na 2020, da annobar korona ta mamaye duniya, sau huɗu aka dakatar da ciniki na ɗan lokaci a kasuwar New York cikin wata guda, kuma hannayen bankuna suka zube daga Turai har Legas. Babban Bankin Turai da hukumomin Ingila suka nemi bankuna su dakatar da rabon riba, sai ga tsofaffi a Hong Kong, waɗanda suka dogara da ribar bankin HSBC kamar yadda muke dogara da ta bankunanmu, sun wayi gari babu ita saboda shawarar da aka yanke a Landan. A Maris na 2023 kuma masu ajiya suka nemi cire dala biliyan 42 daga Silicon Valley Bank cikin yini ɗaya, yawanci ta waya da kwamfuta, aka rufe shi ranar 10 ga wata, Signature Bank ya bi bayansa bayan kwana biyu, kuma ranar 19 ga wata sai da hukumomin Switzerland suka haɗa Credit Suisse, banki mai shekara fiye da 160, da UBS. Kwana tara ne tsakanin faɗuwar wani banki a California da ƙarewar wani a Zurich, alhali matsalolinsu ba iri ɗaya ba ne.

Adalci ne mu faɗi ɗaya gefen. A wannan shekara ta 2020 ɗin, kasuwar Najeriya ta farfaɗo ta rufe shekara da ƙarin kusan kashi 50 cikin 100. Wanda ya firgita ya sayar a Maris ya yi asara, wanda ba shi da bashi a kansa kuma ya fahimci cewa faɗuwar ta duniya ce, ba ta bankinsa kaɗai ba, ya jira ya ga alheri. Saboda haka ilimin da muke roƙo ba na tsoratar da mutane ba ne. Wanda ya san cewa irin wannan rana tana zuwa ba zai zuba kuɗin hayar gida ko na aikin Hajji ba, ba zai ci bashi ya saya ba, kuma idan ranar ta zo ba zai ruga ya sayar a ƙasan farashi ba. Masu cewa faɗin haɗari zai kori masu saye su dubi shekarun da kasuwar ta yi tana neman ƙananan masu jari bayan 2009 ba ta same su ba.

Koke na uku shi ne wanda muke ganin an fi sakaci da shi. Bankunanmu na yau ba na Najeriya kaɗai ba ne. UBA yana aiki a ƙasashen Afirka 20, Access da Zenith da GTBank da First Bank duk suna da rassa a ƙasashe da dama, Ecobank mai hedikwata a Lome ana cinikin hannayensa a Legas da Accra da Abidjan, kuma takardun GTBank da Zenith sun daɗe a kasuwar Landan. A talla ana nuna wannan faɗaɗa a matsayin ƙarfi, kuma akwai ƙarfi a ciki, tunda ribar waje takan cike giɓin gida. Amma kowane reshe hanya ce da matsalar wata ƙasa za ta iya biyowa ta iso aljihun mai hannun jari a Dilimi ko Unguwar Rogo. Mun gani a Disamban 2022, lokacin da Ghana ta dakatar da biyan yawancin bashinta na waje ta kuma sake fasalin na cikin gida. Bankunan Najeriya da ke da rassa a can sun rubuta asara a kan takardun lamunin gwamnatin Ghana da suke riƙe da su. Mutum nawa ne cikin masu ƙananan hannaye suka san cewa bankinsu ya ba gwamnatin wata ƙasa bashi, balle su san nawa ne? Bayanin yana can cikin rahoton shekara mai ɗaruruwan shafuka, da Turancin akantoci, inda ko mai digiri sai ya sha wuya kafin ya tono shi.

Haka kuma ba mai sayen hannun jari da kansa kaɗai abin ya shafa ba. Duk ma'aikacin da ake cire masa fansho a ƙarƙashin tsarin da aka kafa a 2004 yana da rabo a wannan haɗari, domin kamfanonin fansho suna zuba wani kaso a hannayen jari, wani kuma suna ajiye shi a bankunan nan dai. Takardar da ke zuwa masa tana nuna jimillar kuɗi, amma ba ta nuna masa yadda abin ya taru a sashe guda ba.

Saboda haka, ranku ya daɗe, ga abin da muke roƙo. Muna roƙon hukumar SEC ta wajabta wa duk bankin da zai sayar wa jama'a hannun jari ya haɗa fom ɗinsa da shafi guda, da Hausa da Yarabanci da Ibo da Turanci mai sauƙi, wanda zai faɗi ƙarara cewa wannan ba ajiya ba ce, inshorar NDIC ba ta shafe shi ba, ribar shekara ba alƙawari ba ce, kuma sayen hannayen bankuna da yawa ba ya kare mutum idan rikicin ya shafi harkar banki gaba ɗaya. A sa alƙaluman abin da ya faru daga 2008 zuwa 2009 da kuma Maris na 2020 a wannan shafi, don mai saye ya gani da idonsa. A tallar rediyo kuma a karanta gargaɗin da murya da saurin da aka karanta alƙawarin riba, ba a hanzarce a ƙarshe ba.

Muna roƙon Babban Banki, wanda yake fitar da rahoto kan lafiyar tsarin kuɗi, ya riƙa ware taƙaitaccen sashe da talaka zai fahimta, mai nuna ƙasashen da bankunanmu suka fi zuba dukiya, yawan takardun lamunin gwamnatocin waje da ke hannunsu, yawan bashin dala da ake bin su, da abin da gwajin juriyar bankuna ya nuna idan farashin mai ya faɗi kuma masu jarin waje suka fice a lokaci guda. Kasuwar hannayen jari ta Legas, wato NGX, tana fitar da alƙaluman cinikin 'yan gida da na baƙi a kowane wata. A haɗa su cikin wannan taƙaitawa a watsa ta a gidajen rediyo. Idan kuma za a hana wani banki rabon riba, kamar umarnin da aka bayar a Yunin 2025 kan bankunan da Babban Banki ya sassauta wa ƙa'idojin ba da bashi, a fito a yi wa ƙananan masu jari bayanin dalili da tsawon lokaci a ranar da aka sanar, domin shiru ne yake haifar da jita-jita, ita kuma jita-jita ta rusa farashin har na bankunan da abin bai shafa ba.

Game da bashin sayen hannun jari, mun san kun fitar da ƙa'idoji a 2010 bayan an sha wuya. Muna roƙon a sa ido sosai a kan aiwatar da su a wannan zagaye, har da sababbin hanyoyin da ba a san su ba a wancan lokaci, wato manhajojin bashi na waya da ke ba matashi kuɗi cikin minti biyar, ya juya ya saya da su a wata manhajar. Muna kuma roƙon a bayyana tun yanzu matakan da za a ɗauka a kasuwa idan farashi ya fara zubewa, a rubuce kuma a fili, don kada a sake wayar gari da ƙa'ida irin ta Agustan 2008 wadda ta kulle masu son fita a ciki.

Tunda akwai kwamitin da ke haɗa ku da NDIC da hukumar fansho ta PenCom da sauran masu sa ido a harkar kuɗi, muna roƙon ku kai wannan batu can, a umarci kamfanonin fansho su riƙa nuna wa kowane ma'aikaci kason kuɗinsa da ke jingine da bankuna, na hannun jari da na ajiya a haɗe.

Roƙonmu na ƙarshe shi ne ku zo ku same mu. Babban Banki yana da reshe a nan Jos, ofishin SEC na shiyya kuma yana Kano. A shirya zama a bainar jama'a aƙalla sau ɗaya a shekara, a gayyaci shugabannin kasuwanni da ƙungiyoyin 'yan fansho da malaman addini na ɓangarorin biyu, a watsa shi kai tsaye a PRTV da sauran tashoshin da ake saurare, a bar layin waya a buɗe don masu tambaya. Mu za mu ɗauki nauyin sanar da mutane da tara su, kuma za mu zo da tambayoyinmu a rubuce tun kafin ranar don jami'anku su shirya amsa.

Wassalam. Naku cikin girmamawa, a madadin wasu ƙananan masu hannun jari, Jos, Jihar Filato.